Waƙar Reno a Darasin Turanci: Shin Labaran Yaƙi a Littattafan Makarantun Japan Cin Fuska Ne?

A ƙananan makarantun sakandare na Japan, ɗalibin da ya kai aji uku, mai shekara 14 ko 15, yakan iso wani shafi a littafinsa na Turanci inda ajin yake yin tsit. Yawancin darussan baya hira ce ta yau da kullum: tambayar hanya, sayayya a kanti, wasiƙa zuwa ga aboki a wata ƙasa. Wannan shafin kuwa ya zo da wata tsohuwar itaciya da ke tsaye a bakin hanya kusa da birnin Hiroshima, tana tuna daren 6 ga Agusta, 1945. Mutanen da suka tsere daga wutar birnin sun zube a gindinta. Cikinsu akwai wani ƙaramin yaro yana kukan uwarsa, da wata yarinya wadda ita ma ta jikkata, ta rungume shi tana yi masa waƙar reno kamar ita ta haife shi. Yaron ya cika a hannunta, ita kuwa ba ta daina waƙar ba har muryarta ta dusashe. Kafin gari ya waye ita ma ta bi shi.

Sunan labarin "A Mother's Lullaby". An taƙaita shi ne daga wani labarin yara na marubuciya Ono Mitsuko, 'yar yankin Hiroshima, kuma ya daɗe a cikin New Horizon, littafin Turanci na kamfanin Tokyo Shoseki, ɗaya daga cikin waɗanda makarantu suka fi amfani da su a ƙasar. Miliyoyin Japanawa sun karanta shi suna yara. Shekara da shekaru kuma yana jawo muhawara a tsakanin malamai baƙi da ke koyar da Turanci a can, musamman Amurkawa. Wasu suna ganin an sa su karanta takardar tuhumar ƙasarsu da bakinsu. Wasu suna ganin babu abin da ya fi wannan shafi daraja a cikin littafin duka.

Wanda ke tsaye a gaban allo

Sai an san yadda ajin yake kafin a gane inda abin ke yi wa mutum zafi. A 1987 gwamnatin Japan ta ƙaddamar da shirin JET, wanda ke ɗauko matasa daga ƙasashen waje su zama mataimakan malaman harshe. An fara da mutum 848 daga ƙasashe huɗu: Amurka, Birtaniya, Ostireliya da New Zealand. A yau mahalarta shirin sun haura 5,000, Amurkawa ne suka fi yawa, ban da dubban da kamfanoni masu zaman kansu ke kai wa makarantu, da dama daga cikinsu 'yan Filifin.

Ɗaya daga cikin ayyukan wannan mataimaki shi ne ya karanta darasi da ƙarfi, jimla bayan jimla, yara talatin da wani abu su maimaita bayansa don su kama lafazi. A darasin sayen takalmi wannan ba komai ba ne. Amma ga matashi ɗan shekara 23 daga Ohio ko Texas, wanda wataƙila kakansa ya yi yaƙi a tekun Pasifik, tsayuwa a gaban yara yana karanta musu mutuwar 'yan uwansu yara a ƙarƙashin bam ɗin da ƙasarsa ta jefa ba ƙaramin nauyi ba ne. Wani lokaci ma malamin ajin yakan juyo ya tambaye shi ra'ayinsa a gaban kowa, ba tare da ya shirya ba.

Ba New Horizon kaɗai ke ɗauke da irin wannan darasi ba. New Crown na kamfanin Sanseido ya daɗe yana ba da labarin Sasaki Sadako, wadda take da shekara biyu lokacin da aka jefa bam, ta girma har ta yi suna a tsere a makarantarsu, sannan sankarar jini ta kama ta. Tana kwance a asibiti tana naɗa tsuntsaye da takarda, bisa wata al'ada da ke cewa wanda ya naɗa gauraki dubu zai sami biyan buƙata. Ta rasu a 25 ga Oktoba, 1955, tana da shekara 12. 'Yan ajinsu ne suka fara tara kuɗin da aka gina gunkin tunawa da yaran da bam ya kashe, wanda aka buɗe a 5 ga Mayu, 1958. Sunshine na kamfanin Kairyudo kuwa ya daɗe da labarin giwaye uku na gidan namun daji na Ueno da ke Tokyo, waɗanda aka bari da yunwa har suka mutu a lokacin yaƙi.

Babu littafin da ke shiga aji da kansa. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke rubutawa, Ma'aikatar Ilimi ta tantance, hukumomin ilimi na yankuna su zaɓi wanda makarantunsu za su yi amfani da shi, galibi duk bayan shekara huɗu, sannan gwamnati ta raba wa yara kyauta. Don haka duk labarin da ya kai ga hannun ɗalibi ya ratsa ta hannun hukuma, kuma duk wanda bai kai ba akwai dalilin rashin kaiwarsa.

Ƙorafi uku, nauyinsu ba ɗaya ba

Idan aka tace abin da masu ƙorafi ke faɗa, yakan tsaya a kan abu uku. Na farko, an kunyata baƙo a gaban yara. Na biyu, darasin harshe ba wurin wannan magana ba ne. Na uku, labarin gefe ɗaya ya ɗauka.

Na farkon shi ne mafi rauni, duk da cewa shi aka fi ɗaga murya a kansa. Jin nauyi daban, cin fuska daban. Ana cin fuskar mutum ne idan an yi wa al'ummarsa ƙarya, ko an siffanta ta da mugun hali, ko an yi mata ba'a. Labarin itaciyar bai ambaci Amurka ba, babu mugu a cikinsa, babu kiran ramuwa. Abin da ya bayyana kuma ya faru. Da ƙarfe 8:15 na safiyar ranar, dubban 'yan makaranta suna waje a tsakiyar birnin, an fito da su suna rushe gidaje don buɗe filin tare gobara, kuma kusan 6,000 daga cikinsu sun mutu. Zuwa ƙarshen 1945 an ƙiyasta mutum 140,000 sun rasu a Hiroshima, fiye da 70,000 a Nagasaki bayan bam ɗin 9 ga Agusta. A daren 9 zuwa 10 ga Maris na wannan shekarar, bama-bamai masu cin wuta sun kashe kusan mutum 100,000 a Tokyo. Al'ummar da aka yi wa haka tana da haƙƙin ta gaya wa 'ya'yanta, da kowane harshe ta ga dama. Ko wanda ya gamsu cewa bam ɗin ne ya kawo ƙarshen yaƙin ba shi da hujjar cewa a ɓoye wa yara abin da ya aikata a jikin mutane.

Ƙorafi na biyu yana da ɗan kamshin gaskiya. Akwai rashin dacewa idan aka ɗauki mutuwar yaro aka mai da ita atisayen nahawu, a cire kalma a ce ɗalibi ya cike gurbi, a ba da maki. Sai dai wannan laifin koyarwa ne, ba laifin labarin ba. Harshen da ba a ba ɗalibi abin faɗa da shi sai farashin kaya da sunan tashar jirgi bai cika harshe ba. Bajapanen da ya fita ƙasarsa zai gamu da wanda zai tambaye shi game da Hiroshima, kuma da Turanci za a tambaye shi. Ya dace a ce yana da kalmomin amsawa.

Ƙorafi na uku shi ne mai nauyi, kuma shi ya cancanci a tsaya a kansa. Labarin itaciyar ya fara ne da safiyar da bam ya faɗo. Babu mamayar Manchuriya ta 1931, babu yaƙin da aka buɗe da Sin a 1937, babu harin Pearl Harbor na Disamban 1941 da ya kashe Amurkawa kusan 2,400. Rashin ambaton wanda ya jefa bam ya sauƙaƙa wa baƙo, amma ya kuma sa yaƙin ya zama kamar girgizar ƙasa ko ambaliya, bala'in da ya sauko ba tare da hannun kowa ba.

Me ya sa malaman Japan suka riƙe waɗannan labarai

Kuskure ne a ɗauka masu kishin soja ne suka cusa waɗannan labarai don a ƙi Amurka. Tushensu yana wajen mutanen da suka fi kowa adawa da mulkin soja. Malaman makaranta na zamanin yaƙi su ne suka koya wa yara cewa mutuwa saboda sarki ita ce ƙololuwar daraja, su ne kuma suka ga ɗalibansu sun tafi ba su dawo ba. A 1951 babbar ƙungiyar malamai ta ƙasar, Nikkyoso, ta ɗauki taken da ke alkawarin cewa ba za su sake tura ɗalibansu fagen daga ba. Daga wannan nadama abin da suke kira ilimin zaman lafiya ya samo ƙarfinsa, yana jingina da sashe na 9 na tsarin mulkin 1947, wanda Japan ta yi watsi da yaƙi a cikinsa. Har yau makarantu da yawa suna kai ɗalibansu ziyarar karatu Hiroshima, Nagasaki ko Okinawa, su kan tafi da gauraki dubu da suka naɗa da hannunsu.

Akwai kuma tarihin rufe baki. A zamanin mamayar Amurka, daga Satumban 1945, dokar tace labarai ta taƙaita abin da jaridu da littattafai za su iya bugawa game da illar bam ɗin, kuma hotunan waɗanda suka ƙone ba su bazu sosai a cikin ƙasar ba sai bayan ƙarewar mamayar a 1952. Waɗanda suka tsira, da ake kira hibakusha, sun sha wariya wajen aure da neman aiki, saboda tsoron cutar da ake zaton suna ɗauke da ita. Sun yi shekaru suna fafutuka kafin a saurare su. A 2024 ƙungiyarsu, Nihon Hidankyo, ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Idan malami Bajapane ya miƙa wa baƙo wannan shafi ya karanta, a mafi yawan lokuta ba tarko ya ɗana masa ba. Yana ba shi abin da ya ɗauka shi ne mafi tsarki a cikin abin da ƙasarsa ta koya daga yaƙi.

Darasin da aka cire a 1988

Amma an taɓa gwada ba da ɗaya gefen a littafin Turanci, kuma abin da ya biyo baya ya nuna inda matsalar take. A 1988 kamfanin Sanseido ya fitar da wani littafin Turanci na manyan makarantun sakandare mai suna First English Series II, wanda malamin jami'a Nakamura Kei yake cikin marubutansa. Akwai darasi a ciki mai suna "War". A cikinsa wani Bajapane yana zaune da abokansa 'yan kudu maso gabashin Asiya, hira ta kai ga zaluncin yaƙi, sai wani ɗan Malesiya ya ba da labarin yadda sojan Japan ya ƙwace jariri ya kashe shi da wuƙar bakin bindiga a gaban uwarsa. Darasin bai tsaya a kan Japan kaɗai ba, ya taɓo abin da aka yi a yaƙin Biyetnam, kuma manufarsa ita ce yaƙi yana mai da mutum azzalumi ko daga wace ƙasa ya fito.

Littafin ya riga ya tsallake tantancewar Ma'aikatar Ilimi. Duk da haka wasu 'yan majalisa na jam'iyyar LDP mai mulki suka taso masa, suka ce ya zubar da mutuncin ƙasa. Kamfanin ya janye darasin, ya sa labarin fim ɗin My Fair Lady a gurbinsa.

Ga amsar tambayar a fili. Jaririn Hiroshima ya zauna a littafin Turanci shekara da shekaru. Jaririn Malesiya bai kai ga shiga aji ba. Dukansu jarirai ne, dukansu yaƙi ɗaya ya cinye su. Kuma wanda ya cire na biyun ya kafa hujja da abin da masu neman a cire na farkon ke kafawa a yau, wato cewa labarin cin fuska ne ga al'ummarsa. Duk wanda ya ga rashin adalci a abin da aka yi a 1988 bai kamata ya nemi a maimaita shi a kan waƙar reno ba.

Giwayen Ueno da abin da takardu suka nuna

Labarin giwayen ya fi nuna yadda tausayi kan iya lulluɓe alhaki. Tsuchiya Yukio ne ya rubuta shi a 1951. A yadda yara suka san shi, bama-bamai suna ta sauka a Tokyo, aka ji tsoron kada keji ya fashe namun daji su bazu cikin gari, sai aka ba da umarnin kashe su. Giwa John ya ƙi cin dankalin da aka sa wa guba, allura ta kasa huda fatarsa, aka bar shi da yunwa. Tonky da Wanly kuwa, da yunwa ta ishe su, suka riƙa yin wasan da aka koya musu suna fatan a ba su abinci kamar da. Masu kiwonsu suna kuka suna tsine wa yaƙi.

Giwayen sun mutu da yunwa, wannan gaskiya ne. Amma a watannin Agusta da Satumba na 1943 abin ya faru. In ban da harin Doolittle na Afrilun 1942, jiragen Amurka ba su fara ruwan bama-bamai a Tokyo ba sai ƙarshen 1944. Wanda ya ba da umarnin shi ne gwamnan Tokyo, Odachi Shigeo, wanda bai daɗe da dawowa daga riƙe birnin Singafo da Japan ta mamaye ba. An kawo shawarar a kai giwa wani gidan namun daji a Sendai, aka ƙi. Masana tarihi da suka bi takardun lokacin sun nuna cewa babbar manufar ita ce a girgiza jama'a, a sa su gane yaƙi ya yi tsanani, su shirya sadaukarwa. Wato hukumar ƙasarsu ce ta kashe giwayen don farfaganda. Da an ƙara wa ɗalibi wannan bayani a layi uku, da darasin ya fi amfani, domin zai koyi abin da gwamnati kan yi wa nata mutanen idan ta ɗora ƙasa a kan hanyar yaƙi.

Hiroshima ita kanta tana da irin wannan gefe da ba a cika faɗa ba. Birnin soja ne: nan hedikwatar runduna ta biyar take, kuma daga tashar ruwan Ujina aka riƙa lodin sojoji zuwa Sin da sauran fagage tun yaƙin 1894. Cikin waɗanda bam ya kashe akwai dubban 'yan Koriya, ƙasar da Japan ta yi wa mulkin mallaka daga 1910 zuwa 1945, da yawansu an kawo su aikin tilas. Dutsen tunawa da su an kafa shi a 1970 a wajen dandalin zaman lafiya, sai a 1999 aka shigar da shi ciki. A Mayun 2023 Firaminista Kishida Fumio da Shugaba Yoon Suk Yeol na Koriya ta Kudu suka ziyarce shi tare. Wanda ya fi cancanta ya ji an manta da shi a waɗannan littattafai ba Ba'amurke ba ne. Ɗan Koriya ne, da Basine wanda ya san abin da aka yi a Nanjing a Disamban 1937, da malama 'yar Filifin da ke karanta wa yara labarin itaciyar alhali a birninsu Manila fararen hula kusan 100,000 ne suka mutu a yaƙin Fabrairun 1945.

Japanawan da suka ƙi yin shiru

Adalci ne a faɗi cewa wannan suka ba daga waje kaɗai take zuwa ba, kuma waɗanda suka fi biyan farashinta Japanawa ne. Masanin tarihi Ienaga Saburo ya yi shekara 32 yana shari'a da gwamnati kan tace littafinsa, daga 1965 zuwa 1997, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke cewa umarnin cire bayanin Runduna ta 731, wadda ta yi gwaje-gwajen ƙwayoyin cuta a jikin mutane a Manchuriya, ya saɓa wa doka. Magajin garin Nagasaki, Motoshima Hitoshi, ya ce a 1988 sarki yana da alhaki a yaƙin, a Janairun 1990 wani ɗan tsattsauran kishin ƙasa ya harbe shi, Allah ya yi da sauran kwanansa. A 15 ga Agusta, 1995, Firaminista Murayama Tomiichi ya nemi gafara a hukumance kan mulkin mallaka da mamayar da ƙasarsa ta yi.

Nakazawa Keiji, wanda ya tsira daga bam ɗin yana ɗan shekara shida, ya zana littafin labari mai hotuna Hadashi no Gen, inda ya haɗa wahalar Hiroshima da ta'asar sojojin Japan da wariyar da aka yi wa 'yan Koriya. Hukumar ilimi ta birnin Matsue ta taƙaita wa yara ɗaukarsa a ɗakunan karatu, surutu ya yi yawa, ta janye a 2013. Littattafan tarihi na ƙananan sakandare suna ambaton kisan Nanjing, ko da a taƙaice, kuma littafin da masu son wanke tarihi suka fitar a 2001 bai samu karɓuwa ko da a kashi ɗaya cikin ɗari na makarantu ba. Ɗalibin Japan ba jahilin tarihinsa ba ne kamar yadda wasu ke zato. Sai dai wahalar da ƙasarsa ta sha tana zuwar masa da fuska da suna da waƙa, wahalar da ta jawo wa wasu kuwa tana zuwa a matsayin shekara da adadi da za a haddace don jarrabawa. Zuciya ba ta riƙe su daidai.

Laifi tudu ne

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amurka ma tana da shafin da ba ta son buɗewa. Gabanin cikar shekara 50 da ƙarewar yaƙin, gidan tarihin Smithsonian da ke Washington ya shirya nuna jirgin Enola Gay, wanda ya jefa bam ɗin Hiroshima, tare da hotunan waɗanda suka ƙone da muhawarar masana kan ko jefa shi ya zama dole. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji da 'yan majalisa suka yi ca a kai. A farkon 1995 aka soke shirin, shugaban gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian, Martin Harwit, ya yi murabus, aka nuna jikin jirgin da taƙaitaccen bayani. Binciken cibiyar Pew na 2015 ya nuna kashi 56 cikin ɗari na Amurkawa suna ganin jefa bam ɗin ya dace, a Japan kuwa kashi 14 ne kawai. Malami baƙo da ɗalibansa kowa ya taso ne da rabin labari, kuma kowa yana mamakin rabin da ɗayan ya riƙe.

An ga yadda ake haɗa rabin biyu ba tare da wani ya ƙasƙanta ba. A 2012 Clifton Truman Daniel, jikan Shugaba Truman wanda ya amince da jefa bam ɗin, ya halarci taron tunawa a Hiroshima, kuma iyalan Sadako sun ba da ɗaya daga cikin tsuntsayen da ta naɗa aka ajiye a wurin tunawa na Pearl Harbor. A 27 ga Mayu, 2016, Barack Obama ya zama shugaban Amurka mai ci na farko da ya je Hiroshima, inda ya rungumi Mori Shigeaki, wanda ya tsira daga bam ɗin ya kuma kwashe shekaru yana binciko sunayen fursunonin yaƙi Amurkawa 12 da suka mutu a cikinsa. A Disamban shekarar Firaminista Abe Shinzo ya je Pearl Harbor.

Kakanninmu ma suna wannan yaƙi

Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da aka haɗa da sojoji daga Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya, sun gwabza da sojojin Japan a Bama, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Sunayen Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas duk daga can barikokin suka samo su. Waɗannan mutane ba sa cikin littafin yaron Japan, ba su da gurbin kirki a na yaron Birtaniya, kuma Nijeriya da kanta ta yi shekaru ta cire Tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare kafin ta mayar da shi. Wanda ya san haka zai gane cewa mantuwa ta fi tunawa rabi-rabi muni, kuma ba zai so a goge ko da rabin da wasu suka riƙe ba.

A ƙara, kada a rage

Labaran yaƙi da ke littattafan Turanci na Japan ba cin fuska ba ne. Yarinyar da ta yi wa yaron da ba ta sani ba waƙa har ya cika ba ta zagi kowa ba, kuma duk ƙasar da ta mallaki makamin ƙare dangi tana buƙatar 'ya'yanta su ji labarinta. Aibin yana cikin abin da aka bari a waje. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Masu buga littattafai su bar waƙar reno a inda take, su sa kusa da ita labarin wani yaro daga Nanjing, Manila ko Seoul, da fuskarsa da sunansa. Su gaya wa ɗalibi shekarar da giwayen suka mutu da wanda ya ba da umarni. Malamin aji ya zauna da mataimakinsa kafin ranar darasin, ya tambaye shi ko zai karanta, kada a mai da shi wakilin gwamnatin da bai zaɓa ba a kan abin da ya faru tun ba a haifi iyayensa ba. Shi kuma baƙon, idan ya amince, ya karanta da girmamawa, sannan ya nemi 'yan mintuna ya faɗi abin da aka koya masa a gida da abin da ya gano ba a koya masa ba. Yaran da ke wannan aji su ne za su yi zaɓe nan da 'yan shekaru, a ƙasar da take muhawara kan makomar sashe na 9, maƙwabtanta kuma suna da makaman nukiliya. Suna buƙatar su san abin da yaƙi ya yi wa ƙasarsu da abin da ƙasarsu ta yi wa wasu a cikinsa, kuma shekara 15 ta isa a gaya wa mutum duka biyun.